Ranar da na kai gadona gidan babana

Shekarun baya, shekarar da kogin Komadugu ya cika ya haura gonaki ya kwanta a kansu, ni da mijina muka yanke shawarar barin ƙasa na shekara guda. Wata goma sha huɗu ke nan da aurenmu. Shi makanikin injin ban ruwa ne, masu noman tattasai daga Diffa har wajen Bosso sun san shi. Da ruwa ya cinye gonakin, injinan da ba su nutse ba aka kwashe su aka jingine, ya wayi gari ba mai kiransa. Ni kuma na gama shiga aji a jami'a, saura littafin kammalawa da muke ce wa memuwar, kuma a kan tattasai nake rubuta shi.

Tun ina ƙarama nake ganin manyan motoci suna fita garin nan da buhunan tattasai, ban taɓa haɗuwa da wanda ya ga inda suke ƙarewa ba. Dillalin da na tambaya duk iyakarsa Kano, daga can sai ya kaɗa hannu ya ce kudu. Wata rana muna cin abinci na ce wa mijina, kamar da wasa, ina ma mu bi buhun nan har tukunyar da yake shiga. Ya ci gaba da cin tuwonsa, can ya ce, "Malama, ai inji ko'ina lalacewa yake yi." Daga nan maganar ta tashi daga wasa. Muka tsara Kano, Ibadan, Kwatano, Lome, har Kumasi in Allah ya yarda. Shi ya riƙa gyaran janareto da famfo duk inda muka sauka, ni in shiga kasuwa in yi tambayoyina.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da baki. Shekara huɗu na yi a aji ban ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, amma littafina ake karɓa a yi fotokofi idan jarrabawa ta matso. Don haka shirin tafiyar ya zo mini daidai. Na yi mana fasfo, na ja shi asibiti aka yi mana allurar shawara, shi da ke sa hannu cikin inji yana aiki amma ya ga allura ya rufe ido. Kowace takarda na yi mata kwafi uku na sa a leda. Na ɗinka aljihu a cikin zanena. Na rubuta sunan kowace tasha da za mu canza mota. Abu ɗaya ne ban iya shiryawa ba, shi ne mutane.

Da muka gaya wa iyayena, mahaifiyata ta ce Allah ya kai mu, irin yadda ake ce wa yaro idan ya ce zai sayi jirgi. Surukata kuwa ba ta ɓoye ba. Ita daga ƙauyen Baruwa suka taso lokacin tashin hankali, da abin da kai zai iya ɗauka, ta zauna a unguwar gangare kusa da kogi. Ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce da Hausarta mai nauyin Barebari, "Namiji ya yi tafiya, wannan ba sabon abu ba ne. Ke kuma ɗakinki yana nan wurina, zan sa a share." Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Mijina ya ce, "To, Iya."

A hanya na ce masa, "To ɗin me ka ce?"

Ya ce, "To ɗin a tashi lafiya. Bari ranar ta zo tukuna."

Muka je tasha muka yanki tike biyu zuwa Damagaram, ba mu gaya wa kowa ba.

Saura kwana biyar mu tashi, na juya kan ɗakinmu na haya. Ba ma'ana mu riƙe shi shekara guda ba kowa a ciki, mun riga mun gaya wa mai gidan za mu tashi. To ina za a kai kayan ɗakina? Na zauna na yi tunani irin na 'yar makaranta. Gidan surukata yana gangare, bangon ƙasa ne, danshi ya riga ya hau shi har gwiwa. Gidan babana yana tudu, akwai ɗakin siminti da ba mai kwana a ciki. Amsar ta fito da kanta, har na ji daɗin kaina. Na sauke jerena kwano bayan kwano, na naɗe kowanne da tsumma, na sa a kwali, na rubuta wa kowane kwali lamba, na shigar a ɗan littafina. Na kwance gado. Na naɗe labule.

Ranar da na sa za a kwashe, an kira mijina da sassafe ya je ya taimaka a ciro wani inji daga laka. Ya ce in jira shi. Na ce a raina meye abin jira, komai a rubuce yake. Na kira amalanke biyu. Wajen lodi, ledar garin tattasai da nake ajiye da ita don binciken memuwar ta fashe a hannuna, iska ta watsa mini a fuska.

Ku kwatanta da idonku. Ranar kasuwa, da hantsi, amalanke biyu sun fito daga gidan aure, gado a sama, katifa, kwalaye, tabarya ta leƙo ta gefe. A bayansu matar gidan ita kaɗai, ido jawur, hawaye na zuba, tana share hanci da bakin mayafi. Kuma hanyar da suka ɗauka ta gidan ubanta ce.

Wallahi ban gane ba. Mai sayar da ƙosai ta bakin layinmu ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Sai haƙuri, 'yar nan." Na ɗauka idon take nufi, na ce, "Ba komai, zai wuce." Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Maza duk haka suke." Na ce, "Ai laifina ne, ni ce ban riƙe da kyau ba." Ta ce, "Allah sarki, yarinya mai hankali." Na wuce ina ƙirga kwalaye kada ɗaya ya faɗi.

Sai da muka shiga gida na ga fuskar mahaifiyata. Tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta ga kan gado yana shigowa ta zaure. Rariyar ta faɗi. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Nawa ya yi?"

Na ce, "Inna, masu amalanken?"

Ta ce, "Sakin! Saki nawa ya yi miki?"

A garinmu kaya ba sa hawa amalanke haka kawai. Ko an kori mutane daga ƙauyensu, ko an kori mace daga ɗakinta. Na san wannan, na girma ina gani. Amma da na zauna da alƙalami ina auna danshi da siminti, ko kaɗan bai faɗo mini ba.

Kafin azahar labari ya zaga. Gwaggona, yayar babana, ta iso tana haki da takalmi a hannu. Bayan la'asar surukata ta shigo, ba ta ko amsa sannu da zuwa ba. Can sai ga mijina, laka har ƙugu, wani ya tare shi a hanya ya ce masa bai kyauta ba. Ya tsaya a tsakar gida ya kalli gadon, ya kalle ni, ya ce a hankali, "Malama, ba na ce ki jira ni ba?"

Na yi bayani. Na ɗauka za a yi dariya a watse. Ba wanda ya yi dariya.

Surukata ta ce, "Wato gidana bai isa ya riƙe kwanonki ba. Kin bi ta tsakiyar kasuwa kin nuna wa duniya ɗana ya sake ki, ni kuma gidana ruɓaɓɓe ne." Gwaggo ta ce ai magana ta ƙare, mace inda gadonta yake nan take kwana, kuma kayan da suka shigo gidan uba ba sa fita sai dangin miji sun zo biko. Daga nan suka haɗu a kan abu ɗaya, su da ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba tun ranar ɗaurin aure. Za a mai da kayan gidan surukata, ni ma in bi su, in zauna can shekarar nan kowa ya riƙa ganina yana tabbatar da aure na nan. Shi in yana so ya tafi yawonsa. Gwaggo ta ce, "In kuka ɓace ku biyu yanzu, cewa za a yi kunya ta kore shi, ke kuma an tura ki wani gari ki yi idda." Babana yana gefe kan buzunsa yana jan carbi.

Da zai tafi, mijina ya kira ni bakin zaure. Ya ce, "Mu ɗaga zuwa baɗi. In ƙura ta lafa."

Na ce, "Baɗi ruwa ya janye, waya za ta dame ka tun asuba. Baɗi wataƙila da goyo a bayana. Kai ma ka san babu baɗi."

Ya ce, "To ya kike so in yi? Uwata ce."

Na ce, "Na sani. Ka dai zo gobe."

Kwanan da na yi a ɗakin mahaifiyata ban ci abinci ba. Ba fushi nake da kowa ba sai kaina. Da hannuna na miƙa musu igiyar da za a ɗaure ni.

Washegari da hantsi aka sake zama don a sa ranar biko. Ni a al'ada ba ni da wuri a wannan zama. Ko sunan surukata ban taɓa faɗa ba, ban taɓa shan ruwa a gabanta ba. Na fito daga ɗaki na durƙusa a bakin tabarma da ɗan littafina a hannu.

Na ce, "Iya, ina da magana."

Gwaggo ta ce, "Ke! Da manya a zaune?"

Babana ya ɗaga yatsa ɗaya, ta yi shiru.

Na ce, "Iya, na yi miki laifi. Na tsallake gidanki da kayana, na sa an zagi ɗanki a kan abin da bai yi ba. Ki yafe mini. Yau ɗin nan za a ɗora kayan a amalanken da suka kawo su, a bi hanyar da na biyo, ni da shi muna gaba kowa ya gan mu, har ƙofarki. Su zauna wurinki. In danshi ya ci su, ya ci." Na buɗe littafin. "Duk abin da ke ɗakin nan na rubuta shi a nan, har ludayi. Ban rubuta kaina ba. Ni ba na cikin kayan da za a ajiye. Ranar Asabar zan shiga mota tare da mijina."

Mahaifiyata ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta ce, "Kun gani ko? Na faɗa tun ana sa ta lakwal, bokon nan. Shiru-shirun nan ba na Allah ba ne."

Surukata ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Yarinya, ni da ƙafata na baro Baruwa, tukunya tana kan wuta. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ku kuna da ɗaki, kuna da ƙofa mai rufuwa, za ku bari ku tafi kallon kasuwar wasu?" Ta juya wajen mahaifiyata kamar ni ba na wurin. "Babban ɗana, wan wannan, ya tafi arewa neman aiki, ya ce wata shida. Ba shi da mata a gida, ba abin da zai ja shi. Yau shekara nawa? Wannan in matarsa tana ɗakina, zai dawo."

A nan na gane ba maganar kwano ake yi ba, ba kuma maganar bakin mutane ba. Jingina take so a bar mata. Tausayinta ya kama ni har na ji kamar in ce to. Na san in na ce to sau ɗaya, shi ke nan, haka zan yi ta cewa har in tsufa.

Na ce, "Iya, wanda ya tafi shi kaɗai shi ne ba a san ranar dawowarsa ba. Wannan ko makullin ɗaki ni ke tuna masa. In ina tare da shi, watan da muka ce, a watan za ki gan shi, in Allah ya bar mu da rai. Kuma abin da kika faɗa, shi ya sa nake son tafiyar. Kowa a cikinmu da ya taɓa barin gida, korarsa aka yi. Ina so sau ɗaya wani daga gidan nan ya fita don ya ga dama, ya dawo don ya ga dama."

Gwaggo ta ce wa babana, "Kai ba za ka yi magana ba? 'Yarka tana yanka wa surukarta magana a gabanka."

Babana ya ajiye carbi. Ya ce, "Ni na aurar da ita. Tana da miji, ga shi nan zaune. Shi zai faɗa."

Duk ido ya koma kan mijina. Mutumin da ke yi wa manoma tsawa a bakin kogi ya zauna yana murza hularsa kamar zai tatse ta. Na ƙi kallonsa, don kada a ce da ido na sa shi. Sannan ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Tike biyu na yanka." Ya ɗago ya dube ta. "Tare za mu."

Surukata ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta ce, "A kawo kayan kafin la'asar," ta fita.

Haka muka yi. Amalanke biyu, gado a sama, ni da shi a gaba kamar masu jan zugar biki. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Mai ƙosai ta leƙo ta ce, "A'a, har an shirya?" Ya ce, "Hajiya, ba a ɓata ba, iska muka kai gadon ya sha." Ni dai ƙasa nake kallo, amma ban rage sauri ba. A ƙofar surukata na sake durƙusawa. Ta nuna ɗakin da ta share mini, aka jera kayan ciki, ta rufe, ta ɗaura makullin a bakin zanenta.

Ranar Asabar mahaifiyata ce kawai ta raka mu tasha, da ƙullin kilishi da dabino. Gwaggo ta aiko a ce mini ba ta san da tafiyata ba. Surukata ta aiko wa ɗanta addu'a, shi kaɗai. Da mota ta tashi na ɗauka zan ji wani irin daɗi. Amai na yi ta yi tun kafin Maine har Gure, jarumar da ta gagari dattawa, kaina cikin leda, mijina yana yi mini fifita da kwafin fasfo.

Kwana uku bayan nan muka tsaya a kan iyaka. Ma'aikacin da ya karɓi takardunmu ya ga inda muka fito, ya ɗago ya dube mu da tausayi. Ya ce, "Diffa? Kun gudo ne?"

Mijina ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Yawo muka fito."

Ya sake kallon takardar, ya sake kallona, ya buga hatimi.

Mun yi shekararmu. Ba mu kai Kumasi ba, a Lome muka juyo, kuma labarin hanyar daban ne. A watan da na faɗa, a cikinsa muka sauka Diffa. Amma wata bakwai na farko, duk ranar da muka kira gida, surukata da ɗanta kawai take magana. In ya ce ga ta nan, sai ta ce a gaishe ta, ta kashe. Ina zaune a gefen katifa a ɗakin haya a garin da ban san kowa ba, ina jin muryarta tana fita daga wayar. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na taɓa gaya wa mijina.

Yanzu muna lafiya da ita. Ita ke yi mini turaren wuta, ni ke karanta mata takardar magani. Har yau ba ni da baki, a taron suna ina can ƙurya, in an tambaye ni abu sai na haɗiye yawu kafin in amsa. Abin da na koya shi ne ana iya shirya komai a takarda a manta da idon mutane, kuma wannan wauta ce, na yarda. Amma na kuma koyi raba laifi biyu da aka so a ƙulla mini wuri ɗaya. Na ba surukata haƙuri a kan gado, sau biyu, a durƙushe, kuma da zuciya ɗaya na ba ta. A kan tafiyar ban taɓa ba ta haƙuri ba. Ta san da haka, ba ta kuma taɓa nema ba.